Shatin Hannu a Kafaɗar Hijabi

Akwai wata ranar Alhamis da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ita za ta rage. Ranar ce aka nuna mana fim a makaranta. Har yau idan na tuna ta sai in ji kamar yanzun nan abin yake faruwa.

A lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata ta je-ka-ka-dawo a Birnin Kudu. Mu mutanen Dingaya ne, can ƙasar Gwaram, amma saboda karatu aka kawo ni wajen goggona nake zaune. Ni yarinya ce marar magana. Ko malami ya yi tambayar da na san amsarta, sai in sunkuyar da kai in bar wata ta faɗa. Wurin zamana benci na ƙarshe, jikin taga, aikina kuwa kallo. Na san wadda ta ɗinke jakarta da zaren buhu, na san malamin da ke goge alli a bayan wandonsa, na san wadda ba ta karya ba tun daga yadda take riƙe biro. Ba na faɗa wa kowa, gani kawai nake yi.

Abokiyar zamana a bencin wata doguwar yarinya ce siririya, daga wani ɗan ƙauye da ke bayan gari ta ɓangaren Surko. Danginta masu shanu ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya suna noma. Hausa suke yi kamar kowa, amma kunyar gidansu tana nan yadda suka gaje ta. Ita ma ba ta da surutu, shi ya sa zamanmu ya zo daidai. A lissafi kuwa babu mai kama ƙafarta a ajinmu. Da rani ita ke riga kowa zuwa, kafin in iso har ta kakkaɓe mana benci. Amma da damina ta yi nisa, sai ta fara makara.

Kowa ya ga makarar. Ni kuwa na ga abin da ke zuwa tare da ita. Wandonta na makaranta kullum a jiƙe yake har cinya, ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Littattafanta kuma a bushe suke ƙayau, a naɗe cikin leda. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kafaɗun farin hijabinta. Kullum akwai shatin laka a kansu, dama da hagu, idan ka duba da kyau sai ka ga 'yan yatsu ne ƙanana. Wata rana ma da ta buɗe jaka, na hango silifa ƙafa ɗaya, 'yar mitsitsiya, wadda ko tafin hannuna ba ta kai ba.

Sai da na yi kwanaki ina juya maganar a raina kafin na iya tambaya. An fita tara, aji ya rage daga ni sai ita, na ce, "Wai hannun wa ne wannan a kafaɗarki?"

Ta waiga ta dubi wurin, ta sa yatsa tana kankarewa, ta yi ɗan murmushi. Sannan ta gaya mini. Akwai rafi tsakanin ƙauyensu da hanyar gari. Da rani yashi ne zalla, amma idan damina ta kankama ruwa yakan kai wa babba cinya, yaro ƙarami kuwa sai ya tafi da shi. Akwai 'yan firamare a ƙauyen da dole su haye kafin su je makaranta. Iyayensu maza tun da asuba sun yi gona, wasu sun bi shanu. Matan aure ba za su fito su tattare zani su shiga ruwa a bakin hanya ba. Ita ce babba a cikin masu bin wannan hanya da safe. Sai ta ɗora littattafai a ka, ta goya yaro ta haye, ta sauke, ta dawo ta ɗauki wani. Kuma ba ta da damar yin sammako ta wuce abinta, don idan ta tafi, waɗanda iyayensu ba su gama shirya su ba za su zo su gwada shiga da kansu. An taɓa yin haka, ruwa ya kwashe ƙafar wata yarinya, Allah ne ya sa ta kama saiwa.

Na ce, "To me ya sa ba za ki gaya wa Malama ba?"

Ta zaro ido. "In ce me? In tsaya gaban mutane in ce ina goyon 'ya'yan maƙwabta? Ai gori ke nan. Kuma sai a ce mazan garinmu sun bar wa yarinya aikinsu, har da Baffana a ciki. A'a, ki bar shi kawai. Ruwan ma ya kusa janyewa."

Malamar da nake nufi ita ce mataimakiyar shugabar makaranta, ita ke kula da ladabtarwa. Mace ce mai jiki, mai tabarau, kullum da safe tana bakin ƙofa da dorina a hannu. Ban ce ba ta da kirki ko kaɗan ba, don na taɓa ganin ta cire mayafinta ta lulluɓe wata ɗaliba da zazzaɓi ya kama. Amma a wajenta makara ba ta da dalili sai lalaci. Sau ɗaya ƙawata ta taɓa buɗe baki, a durƙushe, ta ce, "Malama, ruwa ne ya cika." Malama ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Ruwa? A kanki kaɗai ake yin damina?" Sauran masu makara suka yi dariya don su samu sassauci. Daga ranar ƙawata ba ta sake cewa komai ba. Ta miƙa hannu a zane ta, ta ɗauki langalanga ta tafi yankan ciyawa, sannan ta shigo aji an yi nisa da darasi.

Bulala da ciyawa ba su ne tsoronta ba. Tsoronta a ce ta zo da mahaifinta. Ta gaya mini sai da Baffanta, wato mahaifin nata, ya yi ta fama da 'yan'uwansa kafin suka bari ta wuce firamare, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa mata: ranar da aka kira shi makaranta a kan ta yi laifi, ranar karatunta ya ƙare. A wajen mutum irinsa, a tsayar da shi gaban baƙi a karanta masa laifin 'yarsa abin kunya ne da ba ya wankuwa.

Ana haka sai malaminmu na Turanci, wani matashi mai son ganin mun ji daɗin makaranta, ya aro majigi da janareta, ya ce ranar Alhamis bayan darasi na huɗu za a nuna mana fim. Makaranta ta ɗauki murna. Da yawanmu a waya kawai muka saba kallo, kawuna biyar a kan allo ɗaya kamar tafin hannu. Da safen ranar, muna layi a taron safe, Malama ta ce duk wadda ta makara a makon ba za ta shiga kallo ba, ciyawar bayan ɗakin taro tana jiranta. Tana cikin maganar sai ga ƙawata ta shigo ƙofa da sauri, wando yana ɗigar ruwa. Malama ta nuna ta da dorina. "Yauwa, ga sarauniyar tasu nan. Ke, na gaji da ke. Gobe ki zo mini da mahaifinki, idan ba shi kar in ga ƙafarki." Ina kallon fuskar ƙawata. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta ƙanƙame ledar littattafanta a ƙirji.

Aka toshe tagogin ɗakin taro da barguna da tabarmi, aka rataya farin zanin gado a bango. Malama ta sa aka kawo mata kujera gaba, ta zauna da mafici. Ni kamar kullum na lallaɓa can baya jikin taga.

Fim ɗin na ƙasar waje ne, amma irin wanda aka fassara da Hausa, mutum ɗaya ke yin muryar kowa, yana ƙara nasa gishirin. Labarin wani yaro ne ɗan sakandare kamarmu, a wani birni mai dogayen gine-gine. Yana da wata baiwa: yana jin kukan mai neman agaji komai nisa, kuma yana da ƙarfin da zai ɗaga mota. Idan ya ji kira sai ya rufe fuska da wani shuɗin ƙyalle ya tafi ceto. Babu wanda ya san shi ne. Saboda haka kullum yana cikin matsala: ya makara, ya yi barci a aji, ya yi wa ƙanwarsa alkawarin zuwa wasan makarantarsu bai je ba, mahaifinsa direban bas yana ganin ya lalace. Yaron ya ba mu tausayi ƙwarai. Har Malama aka ji tana cewa, "Allah sarki, ɗan albarka."

Sai aka zo wani wuri. Ana tafka ruwan sama, gada ta karye, motar 'yan makaranta ƙanana ta faɗa kogi. Yaron yana hanyar zuwa jarrabawa, ya tsaya, ya dubi agogo, ya dubi kogi, ya ajiye jaka ya faɗa ruwa. Ya dinga fito da yaran ɗaya bayan ɗaya a bayansa. Aka nuna hannun wata yarinya kusa-kusa, 'yan yatsunta sun damƙe kafaɗarsa. Da ya gama ya ruga makaranta a jiƙe sharkaf. Malaminsa ya nuna masa agogon bango, ya kore shi waje, ya ce sai ya zo da mahaifinsa. Mai fassara ya kwarma ihu: "Haba malam, ka ji tsoron Allah mana! Ba ka ga yaron nan a jiƙe yake ba?" Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki tsaki. Wasu har da Allah ya isa. Malama ta buga mafici a cinya ta ce da ƙarfi, kowa yana ji, "Wallahi wannan malami ba shi da tausayi! Ko tambayarsa bai yi ba!"

Bargon da aka toshe tagar kusa da ni yana da 'yar huda, irin ta ƙunar dutsen guga. Na sa ido a hudar. Ga ƙawata can a sunkuye cikin ciyawa, ranar nan mai zafi ta bayan ruwa tana dukanta, tana ta kai langalanga tana dawowa. Wandonta ya fara bushewa, ya bar layin laka a cinya. Shatin yatsun nan kuwa yana kafaɗarta, ina ganinsa tun daga inda nake. Na juyo na dubi zanin gado, na sake duban hudar. Tsakanin yaron da ake yi wa kuka da yarinyar da aka kora, bango ɗaya ne kawai. Ban taɓa jin ɓacin rai irin na lokacin ba. Sauran fim ɗin ma ban san yadda ya ƙare ba, na dai ji ana tafi.

Da aka yaye barguna, malamin Turanci ya tambaye mu darasin da muka koya. Wata ta ce taimako, wata ta ce haƙuri, wata 'yar barkwanci ta ce ita dai ta koyi kar ta hau motar da za ta bi gada, aka yi dariya. Malama ta miƙe ta ce mu lura da yadda yaron bai taɓa yin tutiya da alherinsa ba, irin wannan tarbiyya ake so. Ina jin haka ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ni da ko sunana aka kira a aji sai an ce in ɗaga murya.

Malamin ya yi mamaki ya ce, "A'a, yau ke ce? Bismillah, muna ji."

Na ce, "Malam, ni ban gane ba ne. Mun yi wa malamin fim tsaki don bai tambayi yaron ba. To ga wata can a waje, kullum a jiƙe take zuwa, ita ma ba a tambaye ta ba."

Malama ta cire tabarau. "Ke, da wa kike?"

Na ce, "Malama, don Allah a duba kafaɗar hijabinta. Hannun yara ne. 'Yan firamaren garinsu take hayarwa a rafi kullum, shi ya sa take makara."

Na ɗauka za a ce a kira ta. Wallahi abin da na ɗauka ke nan, don a fim haka ake yi. Amma Malama ba abin da na faɗa ta ji ba, abin da ta ji shi ne ɗaliba ta yi mata gyara a gaban makaranta. Ta ce, "Lallai! Ashe shiru-shirun nan na munafunci ne. Ni za ki haɗa da malamin fim? Wancan wasa ne, nan makaranta ce, akwai doka. Kowace mai makara tana da tatsuniyarta. Tunda tausayinta kike ji, fita ki taya ta." Malamin Turanci ya fara cewa, "Malama, da dai an bincika," ta ɗaga masa hannu ta ce shi ma yaro ne, bai san halin 'yan mata ba tukuna.

Na fita ina hawaye, ba don ciyawar ba. Tuni maganar ta riga ni isa ta taga. Ƙawata ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ba na ce ki bar shi ba?" Sannan ta miƙo mini tata langalangar don ta fi kaifi, ta ɗauki dakusasshiyar. "Riƙe ta nan ƙasa, kar ta yi miki kanta." Can kuma, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Fim ɗin ya yi kyau?" Na ce ban sani ba.

Washegari Juma'a Baffanta ya zo a keke. Dattijo ne dogo, da malafa, da farar riga mai shatin ninki, da gani ka san daga akwati aka fito da ita saboda ranar. Ƙafar wandonsa ita ma a jiƙe take har gwiwa, ko wannan kaɗai ya isa shaida ga mai son gani. Ya cire takalmi tun daga matakala. Malama ba ta shigar da shi ofis ba, a baranda ta tsayar da shi, ga malamai na wucewa, ga mu muna leƙe ta taga. Ta dinga zayyana masa: 'yarsa ba ta jin magana, ta raina doka, har ta sa ƙawarta ta yi mata rashin kunya a bainar jama'a. Kansa a ƙasa yake saurare. Malamin Turanci ya matso ya gaishe shi ya ce, "Baba, an ce yara take hayarwa a rafi da safe, gaskiya ne?" Dattijon ya ce, "Malam, wannan harkar gida ce." Kunyar da ta rufe bakin 'yar ita ta rufe bakin uban. Ya juya ga Malama ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Tunda ta zame muku damuwa, daga yau ta zauna a gida."

Amsar da Malama ta bayar ita ce har gobe take ƙona mini rai. Ta juya ga sauran malamai ta ce, "Kun ga irinta ko? Dama mutanen nan dalili kawai suke nema su cire yara daga makaranta." Mutumin da ya yi faɗa da danginsa don 'yarsa ta yi karatu, shi aka gaya wa haka.

Ƙawata ta shigo aji ta ɗauki ledarta. Ta ajiye mini jan birona da ta ara, ta ce, "Sai wata rana." Ta hau bayan keken, suka fita ta ƙofar da aka sha zane ta.

Malamin Turanci bai haƙura ba. Ranar Litinin ya yi sammako a babur ya tafi bakin rafin. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce ya same ta tsakiyar ruwa da yaro a baya, cikin kayan gida, sauran suna jere a bakin gaɓa suna kiran "Adda, ni ne na gaba!" Ta gaishe shi da ladabi, ta gama hayar da su tas, ta gyara wa wani wuyan riga, suka kama hanyar makaranta, ita kuma ta sake shiga ruwa ta koma gida. Ya dawo ya gaya wa Malama abin da ya gani da idonsa. Ta ce to, an ji, yarinyar tana iya dawowa idan uban ya zo ya ba da haƙuri. Haƙurin me? Dattijon ya ce an tsayar da shi sau ɗaya, ya isa. Ba a yi wata guda ba ruwan sama ya ɗauke, rafin ya koma yashi. Ɗan lokacin da ya rage a jira ke nan, da makarar ta ƙare da kanta.

Har muka gama makarantar, Malama ba ta daina kawo misali da yaron fim a taron safe ba. "Ku zama kamar jarumin nan," in ji ta, "mai taimako ba tare da surutu ba." Duk lokacin da ta faɗa sai in dubi gefen bencina.

Yanzu ina karatun koyarwa. Wasu daga yaran da ƙawata ta goya sun shiga sakandare, ita kuwa tana ƙauyensu, idan na je hutu takan tambaye ni ko lissafin gaba da sakandare yana da wuya. Bara da aka tura ni gwajin koyarwa, aka ba ni tsaron ƙofa da safe, aka miƙo mini bulala. Na karɓa na jingine ta a bango. Yarinyar farko da ta makara ta zo ta durƙusa ta miƙo hannu tun kafin in yi magana. Na dubi ƙafar wandonta, na dubi kafaɗarta, na ce ta tashi mu koma gefe inda ba mai jin mu.

Abin da ranar Alhamis ɗin nan ta koya mini ke nan. Tausayin wanda ke jikin zanin gado ba shi da wuya, don an nuna maka komai, har da kiɗa. Wanda ke gabanka kuwa ba mai fassara maka labarinsa, kuma a wajenmu sau da yawa mai alheri shi ne wanda tarbiyya ta hana shi buɗe baki. Idan yaro ya zo maka a makare a jiƙe, kafin ka ɗaga hannu, duba kafaɗarsa tukuna.